Tsohon Bencin Gaba

An gayyace ni coci a Birnin Gwari in yi wa sababbin masu bishara nasiha. Na shiga ina taƙama, na tarar da wani mai furfura a bencin gaba. Na ce, "Baba, koma baya, nan wurin matasa ne."

Sannan na buɗe murya: "Kada ku manta da abokin tafiya! Ni ko shekara ɗari aka yi zan gane Ishaya, wanda ya goyo ni daga dajin Kakangi ranar da zazzaɓi ya kayar da ni."

Daga can baya tsohon ya ce, "Ai kuwa nauyi gare ka, ɗan'uwa."

Na rungume shi ina hawaye, matasa na ta dariya. Har yau in na kira shi a waya sai ya ce, "Baba ne, na bencin baya."