Faɗan da Aka Ajiye a Ɗakin Karatu

"...Lafiya lau, Inna. Ina gajiya? Yaya muka same..."

"Riƙe gaisuwarka, ɗan nema! Kuma kada ka kuskura ka zauna mini bisa tabarma."

Haka Inna Tambaya ta tarbi jikanta Rabi'u, ko jaka bai sauke ba. Ni Mairo, matar kawunsa, ina gindin turmi ina surfe, sai da na tsayar da taɓarya. Yaron nan jirgin ƙasa ya sauke shi Gusau, ya hau a-kori-kura zuwa Bungudu, ya tako da ƙafa har Nahuce, ya jiƙe sharkaf da gumi. Kullum in ya zo hutu daga jami'a da guɗa take tarbarsa, tana "ga angona, ga mijina marar cefane." Yau kam babu guɗa.

Dalili kuwa, ranar kasuwar da ta wuce Luba 'yar Furfuri ta tare ta a gaban masu daddawa. Wai ɗan Luba, malamin makaranta a Tsafe da ya tafi ƙaro ilimi, ya shiga ɗakin karatu na jami'a ya ji muryar Inna a cikin kaset tana zazzaga wa Malam Gambo masifa. Malam Gambo mijin Inna ne, bara ya rasu. Luba ta faɗa da ƙarfi har mahauta suka waiwayo. Ni kaina abin ya ƙona mini rai, don wallahi ba don Allah ta faɗa ba.

"Haba amaryata," in ji Rabi'u, "miji ya dawo daga tafiya, ko ruwa babu?"

"Akwai na zafi bisa murhu, kuma na san inda zan zuba shi."

"To, tunda abin ya kai haka, na sake ki saki ɗaya. Dama akwai wata 'yar Tudun Wada da ke sona, haƙoranta cif-cif."

"Cika ukun in huta! Wa ke son miji mai wando yana sharar ƙasa, ga suma kamar wanzaman garinsu sun mutu? Ɓarawon murya! A zuri'armu an yi mai rowa, an yi mai taurin kai, amma ba a taɓa yin wanda ya saci bakin kakarsa ya kai birni ba sai kai."

"Ni fa ba bakinki na je ɗauka ba. Tarihin Malam na ɗauka. Kin tuna shekarar fari, da na ajiye akwatin ɗaukar murya a gabansa a gindin durumi, yana ba ni labarin yadda aka sari gonakin Nahuce da zamanin fara? Ke ce kika faɗo ciki ba ko sallama."

"Gidana ne! Sallama zan yi wa akwati?"

"Kika yi ta ruwan bala'i a kan damin geron da ya ba mutanen rugar Sule."

"Kuma in ya dawo yau ya sake, sai na sake! Rumbu ya kai gindi, ɗiya suna kuka, shi ko yana rabo kamar ya ga wani a mafarki."

"Ai shanunsu ne suka ƙare, Inna."

"Kai rufe mini baki! Kai ma lauyansa ne?"

Rabi'u ya tsuguna nesa da sandarta, don ya san tsawonta. Ya shiga lallashi da daɗin baki, wai ba ta san inda aka ajiye ta ba ne.

"Sabon sashe fa aka buɗe, tsohuwa. Ɗaki guda na muryoyin dattawa kawai. Mutum ya zauna a kujera, a ba shi abin sawa a kunne, ya ji tarihi daga bakin masu shi. Ga fanka tana juyawa dare da rana."

"Fanka? Muryata ake yi wa fifita, ni ina nan zufa na cina?"

"Akwai wata na'ura ma da ke ɗaukar hoton tsofaffin littattafan malamai, shafi-shafi, kafin gara ta cinye su. Ga jaridu na shekara da shekaru. Littafi kuwa sai ka ara ka tafi da shi ɗakinka."

"Au, har aro ake bayarwa? Ni ma arona ake yi ke nan? Ƙattai nawa suka tafi da ni ɗakinsu?"

"A'a, ke ba a fita da ke. Layi dai ake yi. Har wani Bature ya saurare ki, ya ce a ba shi aurenki."

"Ya zo! Ko ba komai shi yana aski. In sun rasa abin ajiyewa sai faɗan mutane, su zo in raka su gidan Luba, kafin azahar sun cika ɗakin."

Na yi dariya ban shirya ba. Ta watso mini harara, na koma kan surfena. Sai kuma muryarta ta canza, wasan ya fita daga cikinta.

"Kai wanga yaro, ba ka san abin da ka yi mini ba. Tun ina yarinya nake zaune da bawan Allah nan. Na yi masa tuwo, na yi jinyarsa, bisa cinyata ya cika. Duk wannan akwatinka bai ɗauka ba. Sai rana guda da raina ya ɓaci, ita ka kai ka ajiye wa duniya. Yanzu in na mutu abin da za a sani ke nan: ga wadda ta hana mijinta sakat. Ka ci mutuncina, Rabi'u, kuma na ji zafi."

Rabi'u ya sunkuyar da kai. Ya buɗe jaka ya fito da rakoda baƙa da kaset guda, ya ajiye a ƙasa tsakaninsu.

"Na yi laifi, Inna, da ban faɗa miki ba. Amma abin da ya kawo ni ke nan. Masu ɗakin karatun sun fito da sabuwar doka, duk muryar da mai ita bai yarda ba, ba za su riƙe ta ba. Su suka ba ni aron rakodar nan, suka ce in zo in tambaye ki. Kaset ɗin ke nan, babu wani bayansa. In kin ce a goge, ga jan maɓalli nan, dannawa ɗaya ce."

"Danna!"

"Tsaya mana. Aikina na gama jami'a a kansa na gina shi. In babu shi, masu jarrabawa ba su da abin da za su saurara su gaskata ni. Sai in maimaita shekara."

"Ka maimaita goma! Dama mi kake tsinana mana ban da cin tuwo?"

Gidan nan kaf jiran gamawar yaron nan ake yi. Na ce, "Inna, a goge naki mana a bar na Malam."

"Ba ya rabuwa, Gwaggo Mairo," in ji Rabi'u. "Yana magana tana faɗa, ta fita ta dawo, ta fita ta dawo. Ko a kaset ta ƙi barinsa ya sha iska."

"Ka ji ko? Ka ji bakinsa! Goge duka, na ce."

"Zan goge. Amma ki ji shi tukuna, kada gobe ki ce maganar Luba kawai kika bi."

Sunan Luba ne ya kama ta. Ta gyara zama, ta ɗaure fuska.

"Kunna in ji ƙaryar da akwatin ya yi mini."

Ya juya kaset zuwa tsakiya ya danna. Aka ji shuuu, aka ji kukan akuya, sai ga wata murya siririya ta taso tana balbali: rumbu, gero, Fulani, ɗiya, wa zai ciyar da su.

"Subhanallahi! Wace ce wagga marar kunya?"

"Matata ce, wadda na saka ɗazu."

"Ƙarya kake! Ni muryata ba haka take ba. Wagga ai sai ka ce an taka wutsiyar kyanwa. Akwatinku ya lalace, ko kuwa..."

Ba ta ƙarasa ba. A cikin rakodar wani ya yi tari, tarin nan guda biyu gajeru da duk wanda ya zauna gidan nan ya sani. Sai dariyarsa, a hankali, irin ta mutumin da ya saba da ruwan da ake yi masa. Sannan muryar Malam Gambo ta fito tar, kamar yana gindin durumin.

"To, na ji, Tambaya, na ji. In kin gama, a taimake ni da ruwa."

"To, Malam," in ji Inna.

Wallahi da kunnena na ji. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta manta da sanda, ta nufi randa. Sai da ta ɗebo ruwan a moɗa ta juyo, sannan ta tsaya cak tana kallon gindin durumi, inda babu kowa sai kaji. Rabi'u ya kashe rakodar. Ni kuwa na juya baya ina share ido da bakin zane, don ban iya kallonta ba.

Daga nan ta tako a hankali ta miƙa wa Rabi'u moɗar.

"Ungo. Ba don halinka ba."

Ya karɓa da hannu biyu ya shanye tas. Ya goge baki, ya kai yatsa kusa da jan maɓallin yana kallonta.

"In danna, amarya?"

"Taɓa shi ka gani in ban karya yatsan ba."

"To Luba fa? Da mahautan Bungudu?"

"Luba ta kawo muryar nata marigayin mu ji, in tana da ita." Ta ja majina, ta zauna, ta jawo rakodar jikinta. "Ka ce wa masu fankar su riƙe, na yarda. Amma sai hutunka ya ƙare za su ga ƙeyar kaset ɗin, kuma su yi mini nawa in ajiye a ɗaki."

"Suna yi, Inna. Kyauta ma suke yi wa iyalin mai murya."

"Da ka faɗi haka tun farko, shashasha, da yanzu ka ci tuwo." Ta kwance bakin zane ta jefa masa goro fari, ta kuma tura masa gefen tabarma da ƙafa. "Zauna. Na janye karɓar sakin, Baturen ya haƙura."

Rabi'u ya fashe da dariya, ita ma ta yi, ga hawaye shaɓe-shaɓe a kumatunta. Ta nuna rakodar da haɓa.

"Mayar da shi baya. Ban gama da shi a kan geron nan ba."