Wayar da Na Yi da Inna a Ɗakin Jarrabawa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsayar da ɗakin jarrabawa guda cak a Birnin Kudu ba, ni kaɗai, da bakina da 'yar auduga. Har yau in abin ya faɗo mini a rai ina cikin mutane, sai in cusa fuska cikin hijabi in yi ta ƙyalƙyala dariya, na kusa da ni su fara matsawa.

Tun ina ƙarama lauya nake son zama (a gidanmu a Fagam kowa ya yarda na dace, don ko kaza za a yanka sai na tambayi laifinta). To sashen shari'a maki mai yawa yake nema a jarrabawar shiga jami'a, wadda ake yi a kwamfuta, ni kuwa na zauna sau ɗaya na sha ƙasa. Abin da ya kayar da ni shi ne wurin nan na Turanci da ake ba ka dogon labari ka karanta, sannan a jero maka tambayoyi a kansa. Baba ya ce in sake gwadawa, amma daga wannan babu wani. In ban samu ba, in tattara in bi yayyena kwalejin horon malamai, kowa ya huta.

Sai na shiga darasin share fage a cikin garin Gwaram, wurin wani Malam Habu. Da ya duba amsoshina sai ya cire tabarau ya ce, "Ke matsalarki ba Turanci ba ce. Ba karanta labarin kike ba, shari'a kike yi da wanda ya rubuta shi. An tambaye ki me ya ce, ke kina amsa abin da ya kamata ya ce." Maganin da ya ba ni shi ne, duk labarin da na karanta in rufe littafi, in nemi wanda bai yi boko ba in ba shi labarin da Hausa, ba ƙari ba ragi. In ya gane, to na gane.

Wa zan samu in ba Inna ba? Kakata ce, a ɗakinta nake kwana, kuma ba ta da aikin da ya wuce jin labari. Illarta ɗaya, kunnenta ya yi nauyi. In ka yi magana irin ta mutane sai ta ce "Iye?" har sai ka gaji ka buɗe maƙogwaro. Haka muka shafe watanni ina kwarara mata labarin ƙanƙarar da ke narkewa a ƙarshen duniya da na yadda ƙudan zuma ke zaɓen sarauniya, maƙwabta suna sha kyauta ta kan katanga. Ita ma ba ta jin labari ba ta ɗauki ɓangare ba. Sai in ce, "Inna, ba ruwanmu, abin da marubuci ya ce za mu bi." Ta ce, "Yo shi marubucin ɗan gidan uban wa ne?"

Ga kuma injin markaɗe a jikin katangarmu da ba ya hutawa sai in mai ya ƙare. Don in samu natsuwa sai na ɓula matashin Inna na audugar rimi, nake tsakura ina toshe kunne kafin in fara karatu (ta daɗe tana zargin ɓera, Allah ya yafe mini). Dabarar Malam Habu kuwa ta ci. Makina a gwaji ya dinga hawa, har ya fara kafa misali da ni a aji. Kaina ya kumbura. Na fara tafiya irin ta lauyoyi, na fara ce wa ƙannena "ba ku da hujja."

Ranar jarrabawa da sassafe na hau mota zuwa Birnin Kudu. A ƙofa aka caje mu tas, wata Hajiya mai sa ido ta leƙa har cikin kunnuwanmu, ba ta ga komai ba, don audugata tana ƙulle a haɓar zani. Da muka zauna, ga janareta yana ruri a bayan taga, ga fankoki, ga ƙas-ƙas ɗin yatsu a kan kwamfutoci. Na ce a raina wannan ai ya fi injin markaɗe. Na kwance haɓar zani a hankali, na tura hannu ƙarƙashin hijabi, na danna auduga dama da hagu. Duniya ta yi tsit. Har wani daɗi na ji.

Labarin da ya fito mini kuwa kamar don ni aka rubuta shi: wani makiyayi ne shanunsa suka shiga gonar wani manomi, alƙali ya sa shi biyan ɓarna. Ni jikar masu shanu, 'yar manomi, a ba ni wannan? Na karanta, na lumshe ido kamar yadda na saba, na fara ba Inna labari. A zuciyata nake yi. Wallahi na rantse a zuciyata na ɗauka nake yi.

Daga baya yarinyar da ke zaune kusa da ni ta maimaita mini abin da ɗaki guda ya ji, da irin muryar da ake kiran mutum daga wata gona: "Inna, kin ji fa! Wai shanu ne suka shiga gonarsa. To in shi ne ya nome burtali fa, ta ina shanu za su bi? Amma ba ruwanmu, Inna, marubuci ya ce manomi ne da gaskiya. Ta uku ce amsar. Ta uku, Inna!"

Ni dai abin da na sani, na buɗe ido na ga inuwa a kan kwamfutata. Wani dogon malami mai sa ido ne tsaye a kaina, bakinsa yana motsi, ba na jin komai. Na ce "NA'AM?" da ƙarfin da ya sa ya ja da baya. Sai ga Hajiyar nan ta ƙofa ta iso, ta ɗaga gefen hijabina, ta zaro auduga daga kunnena. A lokacin ne sauti ya dawo, na ji ɗakin ya yi shirun da ko yatsa ɗaya ba ya motsi, kowa ya juyo yana kallona.

Malamin ya ce, "Wace ce Inna? Tana ina?"

Da ina da hankali da na yi bayani. Sai na ce, "Tana Fagam."

"Fagam! Har Fagam abin naki yake kaiwa? Malamar Turanci ce?"

"A'a, Malam. Da dai tana sayar da nono."

Wani daga baya ya kasa riƙewa ya fashe, aka daka masa tsawa. Ni kuwa sai a lokacin na gane abin da suke nufi. Sun ɗauka 'yar na'urar waya na ɓoye a kunne ana karanto mini amsa. Wanda aka kama da wannan soke jarrabawarsa ake yi. Na hango fuskar Baba, na hango kaina riƙe da alli, ga agogon kwamfutata yana ta cin lokacina ba ruwansa.

Aka baje audugar a kan tebur aka fara yagarta a hankali. Sai wani ɗan abu baƙi, ƙarami, mulmulalle, ya faɗo ya gangara. Malamin ya ce, "Yawwa! Ga ta nan!" Ya ɗauka da yatsa biyu, ya ɗaga sama kowa ya gani, ya kara a kunnensa, ya yi kasaƙe. Sannan, Allah shaida, ya ce, "Alo?"

Ina kuka ina cewa ƙwayar rimi ce, daga matashin kakata ta fito. Hajiya ta karɓa, ta juya ta, ta sa a haƙori ta gartsa. Ƙwayar ta fashe. Ta tofar a tafin hannunta, ta dubi malamin, ta dube ni, kafaɗunta suka fara rawa don dariya. Ɗakin nan kuwa kamar jira yake, ya ɓarke gaba ɗaya, har mai gadi ya leƙo. Aka kai ni gefe aka sake caje ni daga ɗankwali har safa, ba a samu komai ba sai ragowar auduga. Hajiya ta ce, tana share hawaye, "Koma ki zauna, 'yar nan. Amma in kika sake kiran Inna, ni zan amsa miki."

Na ƙarasa jarrabawar hannu ɗaya a kan kwamfuta, ɗaya a kan bakina. Da muka fito yarinyar kusa da ni ta tare ni da harara, wai ta ji na ce ta uku ta danna ta uku, alhali tambayar da ke gabanta daban ce da tawa. Na ce ta yi haƙuri, Inna nake gaya wa.

Sakamako ya fito, makin ya kai, Baba ya yi ta hamdala yana cewa addu'a ce. Ban gaya masa sauran ba. Amma yaran Gwaram da muka zauna ɗaki ɗaya sun riga ni isa jami'a da labarin, don haka tun ranar farko babu mai kirana da sunana a sashen shari'a, har malamai Inna suke ce mini.

Na dai koyi karanta abin da aka rubuta ba abin da nake so a rubuta ba, wannan kam na gode wa Malam Habu. Ɗayan darasin kuma ba ya cikin littafin kowa, da kunyata na saye shi: duk ranar da ka toshe kunnenka, ka tuna na jama'a a buɗe suke.