Tsofaffin Sifirin Motar Sabitu

A Rafin Kanya, gidan da ke daf da gangaren shiga gari shi ne gidan Malam Nomau. 'Ya'yansa maza biyu ne. Babban shi ne Jatau, ƙato mai farar zuciya, wanda in ka faɗa masa magana zai ɗauke ta yadda ta fito daga bakinka, ba ragi ba ƙari. Mutanen gari na ce masa wawa, matarsa Yalwa kuwa cewa take yi su ne ba su iya magana ba. Ƙaramin shi ne Sabitu, ɗan ƙwalisa, wanda ya sayar da shanun huɗar da uban ya ba shi, ya sayo wata jar mota mai ƙofa biyu, irin wadda samari ke wasan mota da ita a wurin biki. Ranar da motar ta iso, ran Malam Nomau ya ɓaci, ya ce kada Sabitu ya sake tako masa ɗaki. Sabitu kuwa bai sake takawa ba.

A da su uku kwano ɗaya suke ci. Yanzu Yalwa biyu take zubawa, ɗaya ɗakin tsoho, ɗaya zaure wurin Sabitu. Jatau ya rasa inda zai zauna, sai ya yi loma nan, ya ruga ya yi loma can, har tuwon ya huce bai ƙoshi ba. Abin yana cin ransa fiye da kiran wawa. Ba abin da yake so a duniya kamar a koma kwano ɗaya.

Wata rana Sabitu ya dawo daga birni da sababbin tayoyi masu faɗi, a kan rim, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, masu ƙyalli kamar sabuwar tasa. Ya miƙa wa Jatau ɗaya ya ce, "Yaya, riƙe mini, kada ka sake ta sai na dawo." Ya tafi aron jak na ɗaga mota, ya tarar da abokai a majalisa, hira ta yi daɗi, ya manta. Jatau ya rungume taya a ƙirji. Da ita ya je gaisuwar suna, da ita ya leƙa gona. Da yayyafi ya sauko ya lulluɓe ta da rigarsa, shi ya jiƙe. Da azahar Yalwa ta gaji da roƙo, ta ja kujera ta zauna tana ba shi fura a baki da ludayi, tana dariya tana share masa gemu. Da Sabitu ya dawo, sai da aka ɓamɓare hannun Jatau daga jikin tayar, don ya sandare.

Wata rana kuma aka zo ɗaura tayoyin. Sabitu ya ba Jatau sifana ya ce ya ɗaure noti da duk ƙarfinsa. To, duk ƙarfin Jatau ba abin wasa ba ne, mutumin da ke ɗaga buhun gero da hannu ɗaya. Ya yi bismilla ya murɗa, ƙarfen ya ce ɗas, ya karye. Ya koma na biyu, shi ma ya karye. Sabitu ya ɗora hannu a ka. Jatau ya ba shi haƙuri da gaske, ya ce laifinsa ne, don har yanzu da sauran ƙarfin da bai sa ba.

Wata rana Sabitu yana shafa motar yana yi masa bayani. Ya ce tsofaffin sifirin, wato ƙarafan nan masu lanƙwasa da ke ɗauke da nauyin mota a kan taya, sun yi tsawo kuma sun yi laushi. Zai sa gajeru masu tauri, motar ta kwanta ƙasa, har ya zama tsakanin taya da jikin mota bai wuce yatsa biyu ba. Jatau ya kwana da tambaya a ransa: yatsun wa? Da safe ya bi gari da karan dawa yana awo. Na maƙeri sun yi kauri, na jaririn maƙwabta sun yi sirantaka, mai waina ta kore shi da cokali. A ƙarshe ya tuna cewa a gidansu maganar Baba ce awo, sai ya shiga ɗakin tsohon ya kama hannunsa. Malam Nomau ya bari aka auna, ya tambayi dalili, aka faɗa masa. Sai ya ce motar da ta kwanta haka cikinta zai daki tudun gangare, yaron nan kuma zai iya jin ciwo. Jatau ya kai saƙon har da yadda muryar tsohon ta yi rawa. Sabitu ya kau da kai, ya ce Baba bai san mota ba ne.

Wata rana bakanike ya zo daga birni, aka cire tsofaffin sifirin aka sa sababbi. Motar ta kwanta, ta yi kyau, wannan kam ba mai musu. Sabitu ya tura tsofaffin da ƙafa ya ce, "Yaya, kai su inda ba zan sake ganinsu ba." Jatau ya ɗauka ya fita yana tunani. Juji, Sabitu na wucewa ta nan. Rafi, in rani ya yi zai ƙafe. Rumbu, shi ke hawa ɗebo hatsi. Ya zaga gari kaf, ya ga duk inda ya nufa ƙafar Sabitu na zuwa. Wuri ɗaya ne tak ba ta zuwa. Abin bai yi masa daɗi ba, amma umarni umarni ne. Ya shiga ɗakin Baba ya tura su ƙarƙashin gado. Tsohon ya ga ƙarfe ya yanki Jatau a yatsa, ya ce kada ya sake taɓa su.

Ranar bikin wani abokinsa, Sabitu ya ci ado, ya tada mota, yara na bin ta da gudu. Ko fita gari bai yi ba. A gangare cikin motar ya hau tudun da ruwan damina ya bari a tsakiyar hanya, ta zauna daram, tayoyin nan masu ƙyalli na juyi a banza. Sai da maƙwabci ya kawo shanunsa aka jawo ta gida. Bakanike ya leƙa ƙasa ya ce in ba a mayar da tsofaffin sifirin ba, motar nan ta zama 'yar gari, ba za ta iya wuce gangare ba.

Sabitu ya tambayi inda aka kai su. Jatau ya faɗa. Sabitu ya ce masa ya je ya ɗauko.

"Baba ya ce kada in sake taɓa su," in ji Jatau.

Aka yi lallashi, aka yi faɗa, Jatau na hawaye amma bai motsa ba. Yalwa kuwa da aka dube ta, sai ta ce hannunta da gari.

Haka Sabitu ya cire takalmi a ƙofar ɗakin, ya yi sallama da muryar da ba ta fita sosai. Aka amsa. Jatau na biye da shi. Malam Nomau na zaune a bakin gado, bai ɗaga ƙafa ba. Abin da ke ƙarƙashin gado kuma ba a ɗauko shi a tsaye. Sabitu ya durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, kansa daf da ƙafafun ubansa, ya miƙa hannu ya jawo. Sai ga sifirin a naɗe cikin buhu, an kankare tsatsar, an shafe su da mai. Jatau dai ya san ba shi ya yi ba.

Sabitu ya kasa tashi. Yana nan a durƙushe ya ce, "Baba, ka yafe mini."

Tsohon ya ɗora masa hannu a ka. Jatau ya ji daɗi har ya rasa inda zai sa kansa, amma wani abu bai daidaita masa ba, kuma shi ba ya barin magana a karkace.

"Baba, ai ka ce kada ya sake tako ɗakin nan."

"Na faɗa," in ji Malam Nomau, yana goge ido da hannun riga. "Ban san Jatau biyu na haifa ba."

Daga tsakar gida Yalwa ta ɗaga murya ta tambaya kwano nawa za ta zuba. Tsohon ya ce ɗaya. Ranar nan Jatau ya zauna wuri guda, a tsakaninsu, ya ci tuwonsa da zafi har ya ƙoshi.