Yadda Za Ka Tsere Wa Aikin Kaka Da Damben Keji

Wannan shafi ya yi maka alkawari guda. Idan ka bi matakan da ke ƙasa ba tare da ka tsallake ko ɗaya ba, za ka ga ƙarshen kakar bana ba ka riƙe sandar bugun wake ba, ba ka ɗauki dami ba, kuma babu mai iya kiranka malalaci a gaban idonka. An gwada hanyar. Wanda ya gwada ta shi ne Bilya, ɗan Malam Gide, mai shekara ashirin da huɗu, mazaunin wata unguwa a bayan Sheme cikin ƙaramar hukumar Faskari. Har zuwa lokacin haɗa wannan bayani, babu mahaluƙin da ya taɓa kai shi ƙasa.

Mataki na ɗaya: Zaɓi wasan da ba a sani ba

Kada ka ce ƙwallo. Kowa ya san da yamma ake buga ta, bayan an taso daga gona. Kada kuma ka kuskura ka ce damben gargajiya, domin kafin la'asar an samo maka abokin karawa, da makaɗi, da 'yan kallo. Abin da kake buƙata shi ne damben keji, wanda ake gani a waya: ƙarti biyu cikin shingen ƙarfe, ana naushi, ana shuri, ana sa gwiwa, ana kokawa. Amfaninsa biyu ne. Yana buƙatar atisaye na yini guda, sannan kejin da ya fi kusa da garinku yana da nisan da babu mai biya maka kuɗin mota.

Bilya ya buɗe bidiyo arba'in da ɗaya kafin ya yanke shawara. Tara daga ciki ya kalla har ƙarshe.

Mataki na biyu: Sanar da gida a kan lokaci

Lokacin da ya dace shi ne ranar da aka gama tuge waken suya aka jibge shi a bayan gida. Bilya ya sami mahaifinsa a zaure da safe, ya durƙusa, ya gabatar da batun a natse.

"Baba, bana ba zan samu damar bugu ba. Na shiga wasa."

"Wane irin wasa?"

"Damben keji. Ƙa'idarshi, hannun ɗan wasa ba ya riƙe sanda. Tana ɓata mashi naushi."

Malam Gide ya daɗe yana kallon hannun da ake magana a kai. Injin casa ɗaya ne a yankin, layinsa kuma ya kai mako uku, wake kuwa in ya bushe ba ya jiran kowa.

"To, na ji," in ji shi. "In wasa ne na gaske, Allah shi ba da sa'a. Amma ranar da ta bayyana shirme ne, sandarka na nan bayan rumbu, kuma a gaban jama'a za ka ɗauke ta."

Rubuta wannan sharaɗi a zuciyarka. Daga yanzu abin da kake karewa ke nan: a ci gaba da kiran abin da kake yi wasa.

Mataki na uku: Rataya buhu

Ɗan damben da ba shi da buhu mai zaman banza ne kawai. Nemi reshe mai ƙarfi a inda masu wucewa za su gan ka. Bilya ya zaɓi darbejiyar ƙofar gida, ya cika buhun taki da yashin rafi, ya ja da baya taku uku, ya kai masa shuri da iyakar ƙarfinsa.

Buhun bai motsa ba. Bilya ya yi kwana uku yana sallah a zaune.

A rana ta huɗu mahaifiyarsa, Inna Mero, ta leƙo ɗakinsa da man zafi. Mace ce mai ƙarancin magana, wadda ba a taɓa jin ta yi sha'awar wani wasa ba.

"Kai ma dai, Bilya, wa ke dukan yashi? Kawo buhun in cika maka da abu mai taushi."

"Mi za ki sa a ciki, Inna?"

"Kayan ciko."

Ta kawo shi a ɗinke da basilla, ɗinki biyu. A nan akwai hikimar da masana suka daɗe da sani: ɗan wasa na gaske ba ya tambayar abin da ke cikin buhu. Aikinsa dukan waje.

Mataki na huɗu: Koyi naushi uku

Tsaya ƙafar hagu a gaba, haɓa a ƙasa, hannu biyu a kumatu. Naushin gaba gajere ne, na auna nisa. Naushin baya daga dunduniya yake tasowa, ya bi ta ƙugu, ya fita ta kafaɗa. Na uku ana lanƙwasa shi kamar lauje, a sauke shi a gefe. Da kowane naushi ka fitar da iska ta haƙora, ka ce "tss". Wannan sautin shi ne rabin sana'ar. Idan babu shi, masu wucewa za su ɗauka faɗa kake da buhu.

Sabon buhun ya karɓi Bilya hannu biyu. Kowane naushi sai ya ji ƙas-ƙas a ciki, wani abu yana fashewa yana gangarawa ƙasa. Ya ƙiyasta cewa da mutum ne, haƙarƙari ke nan. Bayan turmi shida buhun ya saki jiki, samansa ya lotse, gindinsa ya yi nauyi. Inna Mero ta fito ta latsa shi da yatsa.

"Wanga ya gama. Bari in kawo maka wani."

Ranar ya gama da huɗu. Ƙaiƙayin da ya dame shi a wuya da hannu, Inna ta ce alamar jini ne yana gudu.

Mataki na biyar: Samu koci

Koci nagari ba lallai ne ya taɓa dambe ba. Abin da ake so ya damu da sakamako.

Bilya ya so ya riƙa farawa da asuba kamar yadda ake yi a bidiyo. Inna Mero ta hana. Ta ce sai raɓa ta bushe, rana ta take, lokacin ne buhu ya fi jin duka. Ta fito da kujerarta 'yar tsugunno ta zauna a inuwa, shi kuma yana rana, tana ba da umarni.

"Ƙasa-ƙasa. Gindin bai samu ba."

"Inna, wannan shurin cinya ke nan. Sai an juya ƙugu."

"To juya shi mana. Kuma da ƙwauri, ba da yatsu ba. Yatsu shafa kawai suke yi."

Binciken wannan shafi ya tabbatar da cewa shawarar daidai take da abin da manyan masu horarwa ke koyarwa. Yadda aka yi ta sani, ba ta yi bayani ba. Cikin mako guda shurin Bilya ya fara ƙara irin ta faɗuwar ƙyaure, tulin da ke bayan gida kuma ya ragu da rabi. Bilya ya lura da raguwar, ya yaba wa wansa Kamilu a zuci, ya ce ashe mutum yana iya aiki in an bar shi shi kaɗai.

Mataki na shida: Sauka ƙasa

Damben keji ba a tsaye kaɗai ake yinsa ba. In ka kayar da mutum, sai ka hau ƙirjinsa ka yi ta saukar da gwiwar hannu har alƙali ya raba. Domin wannan darasi Inna Mero ta shimfiɗa tamfol, ta sa Kamilu ya jawo wani buhu daban, mai tauri, mai ƙulu-ƙulu a jiki.

"Wanga ajin masu nauyi ne," in ji ta.

Kamilu ya ajiye buhun, ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Bilya ya fahimci hassada ce. Ka sa ran irin wannan daga 'yan'uwa. Duk wanda ya ɗaukaka a gida sai ya gamu da ita.

Mataki na bakwai: Karɓi magoya baya

A mako na biyu matan unguwa suka fara sallama a gidan, kowace da buhu a ka. Inna ta bayyana masa cewa abokan karawa ne ake kawo masa daga gidaje daban-daban, saboda sunansa ya fita. Ta riƙa gabatar da su ɗaya bayan ɗaya: wannan na gidan Liman ne, wannan na gidan mai unguwa, wannan tun daga Yankara aka ɗauko shi a babur. Bilya ya gama da su duka. Masu buhunan suna tafiya suna sa masa albarka, abin da ba kasafai ake yi wa wanda ya doke naka ba.

Abinci ma ya canza. Awara da safe, awara da rana, tuwon masara sabon niƙa da yamma. Bilya ya taɓa ji a bidiyo cewa manyan 'yan wasa suna da masu ɗaukar nauyinsu. Bai yi mamaki ba.

Mataki na takwas: Yi ƙalubale, amma kada ka ambaci suna

Ɗan damben da ba ya cika baki ana mantawa da shi. Ka ƙalubalanci duk duniya, ko Afirka, ko Arewa baki ɗaya. Waɗannan ba sa zuwa. Abin da ba a yi shi ne kiran sunan mutumin da ke da adireshi.

A nan Bilya ya kauce wa tsari. Bayan buhu na saba'in, yana tsaye ba riga, ya ɗauki kansa a waya ya ce duk faɗin Kankara da Faskari da Sabuwa babu mai tsaya masa turmi ɗaya, har da Mas'udu na Yargoje. Mas'udu mahauci ne, ɗan damben gargajiya, wanda aka ce shekara shida ke nan ba a sami mai yarda ya shiga fili da shi sau biyu ba. Kafin magariba bidiyon ya isa Yargoje.

Mataki na tara: Ranar karawa

Mas'udu ya iso ranar Talata da hantsi, a gaban motar a-kori-kura. Kafin ya sauko unguwar ta cika ƙofar gidan, har da Malam Gide, wanda aka shimfiɗa wa buzu a gaba. Mas'udu ya gaida dattawa a ladabce, sannan ya miƙe. Ya ɗauki lokaci yana miƙewa.

Bilya ya ga ya kamata ya nuna wani abu tun kafin a fara magana. Ya juya ƙugu, ya kai wa buhun da ke rataye shurin da ya fi kowane kyau a rayuwarsa. Ɗinkin ya ɓalle. Waken suya ya zubo, tsabtatacce, rawaya, ya gangara har gaban buzun Malam Gide. Kaji suka taho a guje.

Bilya ya dubi waken, ya dubi Inna Mero. Inna Mero tana duban sama, kamar mai lissafin ko za a yi hadari a watan Nuwamba.

"Ashe casa kake yi muna, zakara," in ji Kamilu. "Sannu da aiki."

Malam Gide ya gyara zama. "Bilya, wanga abu wasa ne, ko a ɗauko sanda?"

"Wasa ne, Baba." Muryarsa ta ɗan sirance. "Sabon tsari ne. Haka ake yi a waje."

"Madalla," in ji Mas'udu, ya nuna bayan motar, inda buhu goma sha biyu suke jere a ɗinke. "Ni dama magana biyu ta kawo ni. Maiɗakina ta ji labari, ta ce in zan zo in taho da namu. Bidiyo kuma ya ce in zo da kaina. To ga mu duka mun zo." Ya zaro zaren ɗaurin hannu daga aljihu, ya fara naɗawa a hankali a hannun da ya kai girman ƙwaryar fura. "Ƙanena, zaɓi naka ne. Ko su goma sha biyu, ko ni ɗaya."

A irin wannan matsayi masana sun ba da shawarar a yi lissafi cikin natsuwa. Bilya ya yi. Buhu ba ya ramawa. Sanda tana bayan rumbu, jama'a kuma suna nan. Ya ɗaga haɓa, ya dubi Mas'udu ido cikin ido, iyakar inda wuyansa ya iya kaiwa.

"A ƙa'idar keji, ba a haɗuwa da babba sai an bi ta kan yaranshi," in ji shi. "Kamilu, rataya na farko."

"Bari rana ta ƙara takewa," in ji Inna Mero. "Na Yargoje bai gama bushewa ba."

Sanarwa

Wannan shafi ya cika alkawarinsa: Bilya bai riƙe sanda ba, bai ɗauki dami ba, kuma babu wanda ya sake kiransa malalaci a tsakanin ƙananan hukumomi uku. Abin da ya wuce haka ba ya wuyanmu. Ba mu da alhakin kumburin ƙwauri, ko ƙaiƙayin wuya, ko mahautan da suka ga bidiyonka, ko fushin mai injin casa, wanda aka ce yana neman marubucin. Duk wanda ya bi waɗannan matakai ya bi su ne da ƙafarsa. Idan kuma mahaifiyarka ta riga ka karanta su, babu abin da za mu iya yi maka.