Yadda Na Ba Ɗan Sanda Maganar Ƙarshe

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na rangaɗa guɗa a kotun majistare ba. Ƙanena Habu, ɗan kabu-kabu, ake tuhuma da cire wa wani haƙori da naushi a wata rigima a unguwar Limawa. An yi faɗan a cikin turmutsutsu, shi kansa mai haƙorin, da aka matsa masa, ya kasa rantsewa cewa Habu ne.

Lauyanmu, Barista Ayuba, ya ce mu kwantar da hankali. "Anti, ba zan kira kowa ba. In ban kawo shaida ba, jawabina ne na ƙarshe. In kuwa na kira ki, ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya sami damar mayar da martani bayana."

Ni fa? Ni da a Kasuwar Kure ba a taɓa kayar da ni a ciniki ba, a ce in zauna in yi shiru ƙanena yana tsaye a akwatin waɗanda ake tuhuma? Na dage, na yi kuka, har na kai ƙarar Barista wajen Mama. Ya gaji ya sa ni a matsayin shaida.

Na shiga na rantse (da sabon leshi, don Allah ku ji). Na ce a yammacin nan Habu yana gidana a Dutsen Kura. Nan ya kamata in tsaya. Amma don alƙali ya san irin riƙon da nake wa yaron, sai na ƙara da cewa, "Ranka ya daɗe, ni da kaina na gasa masa hannunsa na dama da ruwan zafi, ya kumbura suntum."

Na ga Barista ya runtse ido, na ɗauka daɗi ya ji. Ɗan sandan kuma ya ce ba shi da tambaya. A raina na ce, ka ji tsoro ke nan.

Barista ya yi jawabinsa, Turanci yana zuba, bai ko bi ta kan hannu ba. Yana zama na miƙe na saki guɗa. Sai kawai na ga ɗan sandan ya tashi yana gyara bel.

"Ofisa, ai an gama!" Haka na ce da ƙarfi, wallahi.

Alƙali ya buga tebur ya ce in na ƙara tari za a fitar da ni. Ɗan sandan bai yi dogon bayani ba. Ya ce, "Mu ba mu san hannun wanda ake tuhuma ya kumbura a ranar ba. Yayarsa ce ta taimaka mana, muna godiya." Har da ɗan rusuna mini.

Innalillahi! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Habu ya juyo ya kalle ni, ban taɓa jin kunya irin ta wannan kallon ba. Wata uku alƙali ya ba shi a gidan yari, ni na yi ta kai masa abinci kaina a sunkuye.

Na dai koyi cewa in ka ɗauki lauya ya ce ka yi shiru, shirun ma aiki ne. Habu ya yafe mini tuntuni. Sai dai har yau, in gardama ta tashi a gida aka ce a kira wanda ya gani, cewa yake yi, "A kira kowa, ban da Yaya."