Ranar da Na Yi wa Wanda Aka Cuta Wa'azin Tuba

Ba zan taɓa mantawa da zaman sulhun farko da na halarta a Badarawa ba, kuma na tabbata mutanen layinmu ma ba su manta ba.

Ni malamin sakandare ne, ni ke kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo. A ƙarshen zango na rubuta wasa a kan sulhu, na ba kaina matsayin mai sasantawa (wa zai hana ni, tunda ni na rubuta?). A dandali abin na minti goma ne: mai laifi ya sunkuyar da kai, in yi jawabi, ya fashe da kuka, a rungumi juna, a tafa. Mai unguwarmu yana cikin 'yan kallo. Da aka tashi ya ce, "Malam, ashe haka ka iya sulhu? Ranar Asabar ka zo, akwai wata rigima."

Kaina ya kumbura. Ko su waye ban tambaya ba. Abin da na ji kawai shi ne, wani ya toshe kwata da siminti, ruwan sama ya koma ɗakin maƙwabcinsa ya jiƙa masa littattafai, har ana shirin zuwa wurin 'yan sanda.

Na shiga zauren mai unguwa a makare, cikin babbar riga. Sai na hango wani dattijo a gefe ya sunkuyar da kai. Na ce a raina, ga shi nan. Ko gaisuwa ba a gama ba na miƙe na fara jawabina na dandali, har da nuna yatsa: "Baba, ka ji tsoron Allah! Ka dubi idon wanda ka cuta ka nemi gafara!"

Dattijon ya ɗago a hankali ya ce, "Ɗana, ai littattafaina ne suka jiƙe. Gadon mahaifina ne."

Malam Isiya ne, mai makarantar allo. Alhaji Bala, wanda ya toshe kwatar, yana zaune kusa da ni (tun da na fara yake gyaɗa kai yana cewa "Gaskiya ne"). Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mai unguwa ya ce, "Malam, zauna ka sha ruwa."

Sai da aka yi zama uku. Mai unguwa tambaya kawai yake yi, ya yi shiru ya saurara. A zama na biyu Malam Isiya ya kawo littattafan, ya buɗe shafukan da tawada ta dame. Alhaji Bala ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "Malam, ban san abin ya kai haka ba." Bayan zama na uku, da hannunsa ya ɗauki guduma ya fasa simintin, ya kuma nemo mai rubutu da zai kwafe abin da ke karantuwa. Yanzu suna gaisawa a ƙofar masallaci.

Ni ma sai da na je na ba Malam Isiya haƙuri. Ya yi dariya ya ce, "Na yafe, ɗana. Amma muryar ta yi kyau."

Har yanzu mai unguwa yakan kira ni. Sai dai bakin ƙofa nake zama, kuma kafin in ce uffan nakan raɗa wa na kusa da ni, "Don Allah, wa ya yi wa wa?"