Wuƙar da Na Je Neman Aure da Ita

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ɗan ƙanena a Sheme ba, ko da mutanen Sheme za su yi mani alfarmar mantawa (har yau ba su yi ba).

Ana gobe ɗaurin auren, surukina mai aiki a Kaduna ya kawo mani tsarabar wata 'yar wuƙa mai naɗewa. Tsawonta bai wuce yatsa ba, ƙotarta baƙin katako mai sulɓi, ƙarfenta kuwa sai mutum ya ga gemunsa a ciki. Ya ce ta manya ce, daga waje ake kawo ta. Ya tura da babban yatsa ta buɗe, ƙyas, ya mayar, ya miƙo mani. Buɗewar na kalla da kyau. Lokacin rufewar ina can ina zuba godiya. Na ce mashi zan riƙa fiƙe alƙaluman rubutun ajamina da ita, amma Allah ya sani, idon jama'a ne a raina.

Ni ne wakilin ango. Muka taso daga Ƙanƙara, aka zaunar da mu kan tabarmi a ƙofar gidan Alhaji Sada, waliyyin amarya, aka kawo goro. Tun tasowata da farce nake ɓare goro kamar kowa, amma ranar nan sai na ga farce ya yi mani ƙauyanci. Na zaro wuƙa, ƙyas, na raba goro, na ɗan juya ta don rana ta haska ta.

"Malam, wannan fa daga ina?" in ji na kusa da ni.

"Ɗan abin hannu ne," na ce, kamar buhunsu gare ni a gida.

Sai na zo rufewa, ta ƙi. Na danna da yatsa, na danna a gwiwa, na yi bisimilla na sake dannawa. Ashe akwai ɗan ƙarfen da ke kulle ta, ban san da zamansa ba. In sa ta aljihu, sabuwar shadda ce. In ajiye a tabarma, ƙafafun mutane ko'ina. Ina cikin haka liman ya ce wakilai su matso. Na damƙe ƙotarta a hannun dama, na ja hannun babbar riga na rufe, na matsa.

Na nemi auren yadda aka saba. Alhaji Sada ya ce ya bayar, shaidu suka shaida. Sai ya miƙo mani hannu. Ba a ba dattijo hagu, ba a kuma barin hannunsa a sama. Na ɗago dama, riga ta zame, ga wuƙa tsirara tana fuskantar cikinsa.

Kowa ya zuba wa wuƙar ido. A yankinmu, a shekarun nan, baƙo da makami a ɓoye ba abin wasa ba ne. Na hango ƙanena ya dafe kai. Na ce a raina, shi ke nan, na kashe wa yaro aure kafin a shafa Fatiha.

Alhaji Sada ya dubi wuƙar, ya dube ni.

"Malam, ai na riga na ba ku. Ko don in na ce a'a aka tanade ta?"

Dariya ta ɓarke, liman har da share hawaye da bakin rawani. Da hannu ɗaya na shafa Fatiha. Wuƙar kuwa a guntun rake na soke ta, haka muka dawo gida kan babur.

Aure na nan lafiya, alhamdu lillahi. Sai dai duk sanda za a je neman aure a danginmu, sai wani ya ce, "A tafi da Malam, shi ba a hana shi." Ni dai na ɗauki karatuna: abin da ban koyi rufe shi a ɗaka ba, ba na ƙara buɗe shi a gaban jama'a.